Matsewar kayan ciki: haɗarin da ke biyo bayan babbar tiyata

Wani lokaci likitoci kan kammala aikin tiyata lafiya, a tsayar da zubar jini, a ɗinke ciki, amma kafin kwana ɗaya ko biyu sai fitsarin majinyacin ya ɗauke, numfashi ya yi masa wuya, jininsa ya yi ƙasa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa hakan shi ne matsewar kayan ciki, wato hauhawar matsi a cikin kogon ciki har ya kai ga hana sassan jiki aiki.

Kogon cikin ɗan Adam yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan hanji ya kumbura, ko jini da ruwa suka taru, fatar ciki takan buɗa zuwa wani matsayi, daga nan sai ta tsaya. Abin da ya ƙaru bayan haka kuwa, kayan ciki yake dannewa.

Ƙoda ce kan fara nuna alama, domin jijiyoyinta na matsewa, fitsari ya ragu. Sannan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya ta danne, abin da zuciya ke harbawa ya ragu. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki kuma sai ya turu sama ya takure huhu. Shi kansa hanjin yakan rasa isasshen jini, ya ƙara kumbura, matsin ya ƙara hawa.

Tiyatar jijiyoyin jini

Matsalar sananniya ce a wajen masu tiyatar jijiyoyin jini, musamman bayan fashewar babbar jijiyar nan ta aorta, wadda ke sauko da jini daga zuciya ta ratsa ciki. A 1984 Dakta Irving Kron da abokan aikinsa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka bayyana yadda auna matsin ciki ke nuna majinyacin da ya kamata a sake buɗewa bayan tiyata.

Ko da an gyara jijiyar ta hanyar zura bututu daga matsematsi ba tare da an tsaga ciki ba, haɗarin bai kau ba, domin jinin da ya riga ya zuba yana nan kwance a bayan hanji.

Sai dai ba masu ciwon jijiya kaɗai abin ke shafa ba. Ana ganinsa a waɗanda suka yi mummunan haɗarin mota, da masu ƙuna mai faɗi, da waɗanda hanjinsu ya huje, kamar yadda zazzaɓin taifot kan yi idan ya tsananta. Wani abin lura shi ne, ƙarin ruwan da ake yi wa majinyaci don ceto ransa, idan ya wuce kima, shi ne kan tsiyaye daga jijiyoyi ya kumbura hanji. Saboda haka ma ana samun matsalar a mutanen da ba a taɓa cikinsu da wuƙa ba.

Awo ta mafitsara

Bincike ya nuna cewa taɓa ciki da hannu bai isa a gane matsalar ba, ko da likitan ƙwararre ne. Awo ake yi, kuma hanyarsa ba ta da tsada. Ana zuba ruwan gishiri da bai wuce mililita 25 ba a mafitsara ta robar fitsarin da dama ke jikin majinyacin, yana kwance rigingine, sannan a karanta matsin a ƙarshen fitar numfashi.

Wata ƙungiyar likitoci ta duniya da aka kafa a 2004 domin wannan ciwo ta fitar da ƙa'idoji a 2006, ta kuma sabunta su a 2013. Bisa ga ƙa'idojin, matsin cikin babban mutum mai tsananin jinya yakan kasance tsakanin 5 zuwa 7 a ma'aunin da ake awon hawan jini da shi. Idan ya kai 12 ya zauna, ya hau. Idan ya haura 20 kuma wani sashen jiki ya fara gazawa, to matsewar ta tabbata. Ana so a riƙa maimaita awon duk bayan sa'o'i 4 zuwa 6 ga wanda ke cikin haɗari.

Magani

Da farko akan zuƙe iska da ruwan tumbi ta robar hanci, a tsiyaye ruwan da ya taru a ciki, a ba da maganin ciwo da na sassauta tsoka, a kuma rage ƙarin ruwa. Idan duk wannan bai yi ba, sai a koma ɗakin tiyata a buɗe cikin, a bar shi a buɗe na wasu kwanaki.

Iyalan majinyaci kan firgita idan suka ji haka, suna zaton aikin farko ne ya lalace, alhali sau da yawa buɗewar ce ke dawo da fitsari da numfashi. Ana rufe wurin da leda mai tsabta ko na'urar da ke zuƙe ruwa. A 1984 wani likita a birnin Bogota na Kolombiya, Oswaldo Borraez, ya yi amfani da ledar ruwan asibiti ya rufe cikin wani majinyaci, dabarar da har yau ake kira jakar Bogota.

Barin ciki a buɗe shi ma yana da nasa haɗarin, kamar hujewar hanji da shigar ƙwayoyin cuta, don haka likitoci kan yi ƙoƙarin ɗinke shi da zarar kumburin ya sauka, in da hali cikin mako guda.