Tarihin Masu Omo: Darasi Ga Manoma Da 'Yan Tireda

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, don in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda kan wani tarihi da ya tsaya mini a rai.

Ni dai da damina ina gona, da rani kuwa ina bakin teburina. Kullum sai an aiko yaro ya ce a ba shi omo, alhali abin da zan miƙa masa wani garin wanki ne dabam. Wato sunan kayan kamfani guda ya zama sunan duk wani garin wanki a bakin Bahaushe. To, daga ina wannan kamfani ya taso?

Wanda ya kafa shi wani Bature ne mai suna William Lever, an haife shi a garin Bolton na Ingila a 1851. Ubansa mai kanti ne, kuma aikin da ya fara yi a kantin shi ne yanka sabulu, domin a lokacin sanda-sanda ake kawo shi, kamar yadda muke yi a nan. Da ya girma sai ya ga ai gara ya yi nasa. Shi da ƙanensa James suka buɗe masana'anta a 1885, suna yin sabulu mai suna Sunlight, a yanke, a naɗe cikin takarda mai ɗauke da sunansa. Mai saye ya san abin da ya saya jiya shi zai samu gobe. Nan fa ciniki ya buɗe, har a 1888 ya soma gina gari sukutum saboda ma'aikatansa, ya sa masa suna Port Sunlight.

Amma jama'a, sabulu ba ya yiwuwa sai da mai. Neman manja da man ƙwara shi ya kawo shi ƙasarmu. A 1920 ya sayi kamfanin Niger Company, wanda a 1929 aka haɗa shi da wani ya zama U.A.C. Dattawanmu sun san U.A.C. sarai, don tana cikin manyan masu sayen gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, marigayi Alhassan Ɗantata ma ya yi mata sayen gyaɗa. A 1929 ɗin ne kuma aka ƙulla haɗin kamfanin Lever da wani mai yin bota na ƙasar Holan, aka sami Unilever. Omo kuwa a 1960 ya shigo kasuwar Nijeriya.

Ka ga ke nan manjan Kudu da gyaɗar Arewa suna cikin abin da ya raini wannan kamfani. Mu mun sayar ɗanye, su sun sarrafa, sun naɗe, sun dawo mana da shi da tsada. Har yau kuma ba mu daddara ba. Da kaka ta yi sai mu kwashi gyaɗa mu zubar a kasuwa da araha, bayan wata uku mu dawo muna sayen manta a kwalba.

Shawarata ita ce mu haɗa kai a ƙauyukanmu, mu yi ƙungiya, mu sayi injin matsar gyaɗa ko da ƙarami ne. Matanmu masu ƙuli-ƙuli da masu sabulun salo su riƙa tsayar da awo ɗaya, su ƙulla kayansu da tsabta. Mu kuma 'yan tireda, don Allah mu daina algus da tauye mudu, domin amana ce ta sa sunan sabulun Lever ya yi nisa.

Kada kuma wanda ya yi suna ya miƙe ƙafa. A 2023 Unilever ta ba da sanarwar daina yin Omo da Sunlight da Lux a Nijeriya, ga shi yanzu wasu ne suka cika mana tebur. Kasuwa ba ta da ɗan gida.

Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi ɗan tireda.