Faransa: gidajen wunin tsofaffi, inda buki ke riƙe wa tsoho lissafin kwanaki

A ƙasar Faransa akwai wasu gidaje da ake kai tsoho da hantsi, a maido shi wurin iyalinsa da la'asar. Faransawa na kiran su accueil de jour, wato gidan wuni. A can ake ci, a yi hira, a motsa jiki, kuma babu wani buki na shekara da ake bari ya wuce ba a yi shi ba. Ga yadda abin ya samo asali, da yadda yake tafiya, da kuma waɗanda har yanzu bai kai gare su ba.

Zafin da ya tona asiri

A makonni biyu na farkon watan Agusta na shekarar 2003, wani zafi da ba a saba gani ba ya sauka a Faransa, har ma'auni ya haura 40 a wasu garuruwa. Mutumin Tawa ko Damagaram zai ce ai wannan bazara ce kawai. Amma gidajen can an gina su ne domin tsare sanyi, kuma Agusta wata ne na babban hutu, lokacin da iyalai ke rufe ƙofa su nufi bakin teku. Da aka yi lissafi, sai aka tarar mutum kusan 15,000 sun rasu fiye da yadda aka saba, mafi yawansu tsofaffi. Wasu a cikin ɗakunansu aka tsince su bayan kwanaki. A farkon watan Satumba aka binne gawa 57 a maƙabartar Thiais, kusa da Paris, waɗanda babu dangin da ya zo nema. Shugaban ƙasa na lokacin, Jacques Chirac, da kansa ya halarci jana'izar.

Abin ya zama abin kunya ga ƙasa baki ɗaya. Ranar 30 ga Yuni 2004 aka kafa dokar da ta ƙirƙiro ranar zumunci: kowane ma'aikaci zai yi aikin awa 7 a shekara ba tare da ƙarin albashi ba, shi kuma mai kamfani ya zuba 0,3 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a wani asusu na musamman mai suna CNSA, domin tsofaffi da naƙasassu. Da farko Litinin ɗin Pentakos aka ɗauka, ranar da aka daɗe ana hutu cikinta. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta gunaguni, har a 2008 aka maido da hutun, aka bar wa kowace ma'aikata ta zaɓi ranar da za ta biya bashin. Gidajen wuni sun riga wannan doka samuwa, amma bayanta ne suka yawaita, musamman a ƙarƙashin shirin yaƙi da cutar Alzheimer na 2008 zuwa 2012, wanda aka ware wa Yuro miliyar 1,6, wato sama da miliyar 1,000 na kuɗin Sefa.

Yadda wuni ke tafiya

Gidan wuni ƙarami ne da gangan. Doka ta 2011 ta ce wanda ke jingine da gidan tsofaffi na kwana kada ya kasa gurbi 6, mai zaman kansa kuma kada ya kasa 10. Mafi yawan masu zuwa suna fama da cutar Alzheimer ko ƴan uwanta, abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, amma ƙafafunsu na ɗaukar su, kuma gida suke kwana. Wani sau ɗaya yake zuwa a mako, wani sau biyu ko uku.

Ƙaramar mota ke bi gida gida tana kwaso su. Da isowa sai a zauna a teburi guda, a sha gahawa, a rubuta ranar yau da wata da shekara a allo da manyan baƙaƙe, a karanta kanun jarida. Daga nan a ɗan motsa gaɓoɓi, yawanci daga zaune a kujera. Kafin azahar wasu na feraye dankali, wasu na jera faranti da cokula, domin ƙa'idar gidan ita ce duk abin da tsoho zai iya yi da hannunsa, kada a yi masa. Bayan abinci mai son kishingiɗa ya kishingiɗa, saura su shiga wasan loto ko karta, ko waƙa, ko ban ruwan shuke-shuke. Ma'aikatan jinya da masu taimaka musu na lura da shan magani, da wanda ya rage cin abinci, da wanda tafiyarsa ta sake.

Kuɗin kuwa kashi uku ne. Asusun lafiya na ƙasa ke biyan jinya. Tallafin gajiyayyu da ake kira APA, wanda ya fara aiki a Janairun 2002 domin masu shekara 60 zuwa sama, na ɗaukar wani ɓangare. Abin da ya rage, na abinci da zama, yana kan iyali.

Shekara daga buki zuwa buki

Wanda gigin tsufa ya kama, abin da ke fara kuɓuce masa shi ne na kusa: abin da ya ci da safe, sunan wanda ya gaishe shi ɗazu, ko yau wace rana ce. Abin da ya shiga jiki tun ƙuruciya kuwa, kamar waƙa, da ƙanshin girki, da aikin da hannu ya saba, yakan daɗe bai goge ba. A nan ne buki ke da amfani. Kalandar bango ba ta gaya wa irin wannan tsoho komi, amma ƙanshin abincin buki na sanar da shi inda shekara ta kai.

A farkon Janairu ana yanka gaton sarakuna, wanda ake ɓoye ɗan ƙaramin mutum-mutumi a cikinsa. Wanda ya tsince shi a rabonsa, shi ne sarkin ranar, a ɗora masa kambin takarda mai ruwan zinariya, ya zaɓi sarauniyarsa. A al'ada ƙaramin yaron gida ke shiga ƙarƙashin teburi yana faɗin wanda za a ba kowane yanki, don kada a yi son kai. A gidan da autansu ya ba saba'in baya, sai a yi dariya a bar wa ma'aikata rabon, su kuma idonsu na kan bakin kowa, gudun kada wani ya haɗiye abin da aka ɓoye.

Ranar 2 ga Fabrairu ta fanken nan ce mai faɗi, marar kauri, da suke kira crêpe. Ana cilla shi sama daga kasko a cafe, da tsabar kuɗi a ɗaya hannun, wai don shekara ta yi albarka. A irin wannan rana ma'aikata kan ga tsohuwar da ta manta sunan jikarta ta karɓi ludayi ta kwaɓa ƙullu ba tare da awo ba, ta kuma gyara wa ƴar shekara ashirin riƙon kasko. Na tsawon awa guda ita ce gwana, saura ɗalibai.

Ranar 1 ga Mayu ana raba ɗan farin furen muguet, alamar fatan alheri. Ranar 21 ga Yuni bukin kiɗa ne, wanda aka fara a 1982, sai a ɗauko waƙoƙin zamanin samartakarsu, har a ji muryar wanda ya wuni bai ce uffan ba. A watan Oktoba ake yin Semaine Bleue, makon tsofaffi na ƙasa, wanda asalinsa ke komawa 1951. A lokacin ne ƴan lakwal ke kawo ziyara, a haɗa gasa da gidajen maƙwabta, a buɗe ƙofa ga mutanen unguwa. Disamba kuwa kusan dukanta ta shirin Nowel ce: yanke takardun ado, ƙawata itace, rubuta katunan gaisuwa, sannan babbar liyafa da ake gayyatar iyalai. Shirin ya fi ranar kanta amfani, domin mako uku tsoho na da abin da yake jira, da aikin da aka ɗora masa.

Hutun mai jinya

Rabin ribar gidan wuni na wanda ya rage a gida ne. Sau da yawa mai jinyar tsoho matarsa ce, ita ma ta haura saba'in, ko ɗiyarsa mai aikin ofis da nata ƴaƴan. Mai gigin tsufa na iya tashi tsakar dare ya buɗe ƙofa, ko ya kunna murhu ya manta, ko ya maimaita tambaya guda sau ashirin. In babu mai karɓar ta, mai jinya kan riga majinyaci faɗuwa, daga nan kuma sai gidan tsofaffi na kwana, wanda kuɗinsa a wata ya fi abin da yawancin waɗanda suka aje aiki ke karɓa. Awa shida ko bakwai da tsoho ke yi a gidan wuni su ne lokacin zuwa kasuwa, da ganin likita, da barci. Dokar 28 ga Disamba 2015 ta amince da wannan a matsayin hakki, ta ware wa mai jinya kimanin Yuro 500 a shekara, wajen jikka 328, domin ya sami sararin numfashi.

An gane nauyin waɗannan gidaje a watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe su. Iyalai da likitoci da dama sun ba da labarin tsofaffin da suka koma baya cikin ƴan watanni, a magana da tafiya da cin abinci.

Waɗanda buki bai kai gare su ba

Duk da haka akwai giɓi. Yawancin gidajen daga Litinin zuwa Juma'a suke aiki, saboda haka liyafar Nowel kafin ranar ake yin ta. Ranar 25 ga Disamba kanta ƙofa a rufe take, mai iyali na wurin iyalinsa, marar kowa na ɗakinsa. Wannan giɓi ne ƙungiyar Petits Frères des Pauvres, wadda Armand Marquiset ya kafa a 1946, ke ƙoƙarin cikewa da liyafar daren Nowel da ziyarar gida gida. Binciken da ta wallafa a 2017 ya ƙiyasta mutum 300,000 masu shekara 60 zuwa sama da kusan ba su ganin kowa, ko dangi, ko aboki, ko maƙwabci. A 2021 adadin ya kai 530,000.

Akwai kuma tsofaffin baƙi, waɗanda suka zo daga Arewacin Afirka da Afirka ta Yamma a shekarun 1960 da 1970, suka ƙare ƙarfinsu a masana'antun mota da wuraren gini. Gaton sarakuna ba ya tuna musu komi, waƙoƙin ma ba nasu ba ne. Likitoci sun kuma lura cewa mai gigin tsufa yakan rasa harshen da ya koya da girma, ya koma ga na mahaifiya, har ma'aikaciya ta kasa gane ko ruwa yake roƙo ko ciwo yake faɗi. Domin irin waɗannan ne ƙungiyar Ayyem Zamen ta buɗe Café Social a unguwar Belleville ta Paris a 2003, inda tsohon lebura ke shan shayi da tsaransa, a kuma taimaka masa da takardun kuɗin tsufansa. Irin wannan wuri bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da yawan masu bukatarsa, su kuwa shekarunsu ba su jira.