Ƙahon Barewa Da Ɗorin Karaya: Ina Gaskiyar Take?

'Yan'uwa cikin Almasihu, da wuya a sami Ikkilisiyar da ba ta taɓa zuwa gaida mai karaya ba, musamman yanzu da haɗarin babur ya yawaita. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba wani bincike da masana ke yi a kan ƙahon barewa.

Barewar da ake nufi ba irin ta dajinmu ba ce. Ita tamu ƙahonta yana nan har ta mutu. Amma akwai wata iri a ƙasashen sanyi mai ƙaho da rassa kamar itace. Ƙahon nan ƙashi ne zalla. Kowace shekara yakan faɗi, wani sabo ya tsiro, a manyansu yakan ƙaru da kusan santimita 2 a rana ɗaya. Mu kuwa babban mutum in ya karye, sai ya yi mako 6 zuwa 12 kafin ƙashi ya haɗe. Wannan ne ya sa masana suka ce bari su gano asirin.

Mutanen ƙasar Sin sun yi shekara wajen 2,000 suna magani da ɗanyen ƙahon. A ƙasar Niyu Zilan ma kiwon dabbar ake yi, ana sayar da ƙahon zuwa Sin da Koriya ta Kudu. A shekarar 2018 masanan Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano ƙwayoyin gado guda 2 masu hannu cikin saurin girmansa. A 2023 kuma masanan Sin suka ware ƙwayoyin da ke haifar da sabon ƙaho, suka dasa su a kan ɓeraye, sai ga wani abu mai kama da ƙaho ya tsiro.

To, a nan ne fa za mu yi hattara. A jikin dabbobi da ɗakin gwaji aka yi waɗannan ayyuka. Dasa ƙwaya mai rai daban, shan gari ko ƙwayar magani daban. Saboda haka duk wanda ya zo da kwalba yana cewa maganin karaya ne na ƙahon barewa, a riƙe kuɗi a aljihu.

In ɗan'uwa ya karye, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin tun a ranar. In kuwa an riga an je wurin mai ɗori, a sa ido. Yatsu su kumbura, ko su yi sanyi, ko su soma baƙi, ɗaurin ya matse jini ke nan. A garzaya asibiti, gama jinkiri ya sa an yanke wa yara da yawa hannu.

Ubangijin da ya nuna wa annabi Ezekiyel busassun ƙasusuwa suna haɗuwa, shi ne ya ba likitoci sani. Mu yi wa majinyatanmu addu'a, mu kuma haɗa musu kuɗin mota zuwa asibiti.