Bindigar Kafaɗa da ta Ƙugu a Bakin Shinge

Duk mai fita daga Jimeta ya haye gadar Binuwai ya nufi Girei da Song, ko ya kama hanyar Numan, ya san shingen 'yan sanda: tocila a fuska, "daga ina, sai ina?", a sauko a buɗe but. A wannan shinge nake so in tsayar da mutum biyu. Ɗaya maharbi ne da bindigar toka rataye a kafaɗa. Ɗayan kuma mai babbar riga ne, da ƙaramar bindiga soke a ƙugu, yana cewa da lasisinsa.

A takarda ma ba matsayinsu ɗaya ba. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa makamai kashi 3. Irin ta maharbi, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininta. Mai baki biyu ta farauta sai Sufeto Janar. Fistol kuwa an jera ta ne tare da bindigogin soja, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon halatta wa mutum ita. Saboda haka idan ɗan sanda ya lalubo ta a jikin farar hula, ba lasisi ne zai fara faɗo masa a rai ba. Ɗan fashi zai gani, ko mai garkuwa da mutane, kuma da wuya ka ga laifinsa.

Maharbi fa? Sau tari takardarsa ba ta taka kara ta karya ba, wani ma katin ƙungiya kawai gare shi. Amma jikinsa ya riga bakinsa bayani. Ga baƙar riga cike da layu, ga wuƙa a damtse, ga bakin bindiga ya leƙo ta bayan kunne. Tun daga nesa an gan shi, an gama shawara a kansa kafin ya iso. Sannan yana da tarihi a jihar nan. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka ci Mubi, jama'a suka yi ta kwararowa Yola, wasu da ƙafa. Cikin Nuwamba maharba da 'yan banga suka shiga tare da sojoji aka ƙwato garin. Sunan maharbiya Aisha Bakari Gombi ma a irin wannan fafutuka ya zaga duniya. Ɗan sandan da ya san wannan, gaisuwa yake fara yi wa maharbi, in ya so tambaya ta biyo baya. Idan shakka ta shiga, akwai sarkin baka da za a kira a waya ya ce yaronsa ne.

Mai ta ƙugu ba shi da wanda zai tsaya masa sai bakinsa, kuma dole ya yi amfani da shi kafin hannunsa ya motsa. A Amurka, inda ɗaukar ɓoyayyiyar bindiga ya halatta ga miliyoyin mutane, jihohi irin su Mishigan sun wajabta wa mai ita ya sanar da ɗan sanda nan take idan an tsayar da shi. Ana koya musu su kashe mota, su kunna fitilar ciki, su ɗora hannu biyu a kan sitiyari, su faɗi inda makamin yake, su jira umarni. Duk da haka, a Yulin 2016 a jihar Minesota, Philando Castile ya gaya wa ɗan sanda cewa yana ɗauke da bindiga, kuma lasisinsa ingantacce ne. Cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama, a 2017 kuma kotu ta wanke jami'in. Can ke nan, inda dokar ke bayansa. To ina ga tsakar dare a hanyar Fufore, gaban kurtun da ya kwana a tsaye, yatsansa a kan kunama?

Ni dai in za a tilasta min zaɓi, na fi natsuwa da ta kafaɗa, domin abin da ke kashe mutum a shinge shi ne ba-zata. Sai dai kada a ɗauka na wanke ta tas. Rigar layu a kasuwa ake ɗinka ta, kuma ɓarawon shanu ma ya iya sawa. Maharbin da ba shi da cikakkiyar takarda yana cin albarkacin sanayya ne kawai. Ranar da aka kawo sabon DPO, ko ya tsallaka Taraba inda ba a san fuskarsa ba, bindigar da aka yi wa jinjina jiya ita za a ajiye a kan tebur a matsayin shaida. Nan ne "ranka ya daɗe, a duba mana" ke farawa, da hannu a aljihu.

Shi kansa lasisin ma akwai magana a kansa. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'arta su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga. Ba a daɗe ba rundunar 'yan sanda ta amsa cewa ai an dakatar da ba da lasisin.