Rubutu a bisa allon gilashi



Kun koyi rubutu da alli a bisa allo, da biro cikin kaye. Yau a Yamai akwai wani allo na daban. Ƙaramar kwamfuta ce mai fuskar gilashi, da alƙalaminta maras tawada. Mutum ya rubuta, na'ura ta juya rubutunsa zuwa haruffan ɗab'i.

Na'urar ba ta da ido irin namu. Tafiyar alƙalami take bi: inda ya sauka, inda ya juya, inda ya tashi. A 1993 kamfanin Apple na Amurka ya fitar da wata mai suna Newton. Ta yi ta kuskuren karatu har mutane suka riƙa yi mata dariya. Na yau sun fi ta ƙwarewa, amma mummunan rubutu yana ruɗa su.

To, ga abin da za ku kiyaye.

Na ɗaya, gilashi yana da santsi. Ku yi rubutu sannu, da manyan haruffa.

Na biyu, ku raba haruffa, kada wani ya hau wani. Ku bar fili tsakanin kalma da kalma.

Na uku, ku rufe bakin a da na o. In an bar a buɗe, sai ta zama u.

Na huɗu, ku kula da lambobi. Ku ja wa 7 ƙaramin layinta a tsakiya, yadda ake yi a lakkol. In 1 ta yi kama da 7, bashin jika ɗaya ya koma jika bakwai.

Na biyar, haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A 1980 masana suka taru nan Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. Amma na'urori da yawa Faransanci da Turanci aka fara koya musu. Sai su jefar da ƙugiya: ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari. In haka ta faru, ku ajiye rubutun hannunku yadda yake.

Kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku karanta abin da na'ura ta rubuta. In akwai kure, ku ce a gyara.

Aikin gida: ku rubuta sunanku da lambobi daga 0 zuwa 9, sau biyar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.