Ƙaramin Gatari: Ku Gwada Shi Kafin Ku Biya

Tun da kananzir da gas suka yi tsada, gidaje da yawa a Kawo, da Unguwar Dosa, da Badarawa, da Malali sun koma ga murhun itace. Ma'aikatan da su ke da 'yar gona wajen Rigacikun ko Marabar Jos su kan fita ran Asabar su yi sassabe, su gyara shinge, su ɗauro busassun rassa zuwa gida. Samari 'yan Sikawut su ma, in sun fita zango, sai sun fiƙe turaku, sun tsaga itacen girki. Dukan waɗannan abu ɗaya su ke bukata, watau ƙaramin gatari.

Kuɗinsa ba su da yawa, shi ya sa mu kan saye shi da garaje. Amma gatarin da aka zaɓa ba da lura ba ya kan fice daga ƙota ya tashi sama, ko kuwa ya zame daga itace ya sauka a kan ƙafa. Mai gida ya kwanta jiyya ana tsakiyar aikin gona, ko yaro ya rasa yatsa. Saboda haka bari mu duba abin da ya kamata mu sani tun muna gaban mai sayarwa.

Wane Aiki Za Ya Yi?

Kowane ƙarfe da aikinsa. Adda ta ciyawa ce da ƙananan rassa. Babban gatari na faskaren gungume ne. Gizago na masassaƙa ne, masu turmi da akushi. Ƙaramin gatari, wanda waɗansu su ke kira tsitaka, shi ne na reshen da kaurinsa bai wuce ƙwaurin mutum ba, da fiƙe turke, da tsaga itacen murhu.

Nauyin kansa ya zama kamar rabin kilo, ko ya ɗara kaɗan. Ƙotarsa kuma santimita 35 zuwa 45, watau kusan kamu ɗaya. In ya fi haka nauyi, hannu ɗaya ba ya iya sarrafa shi, gajiya kuwa ita ce uwar kuskure. In uwargida ce za ta fi aiki da shi, to, lalle a tafi da ita kasuwa ta ɗaga shi da hannunta.

Na Maƙera Da Na Kanti

Gatari ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Manoma su kan tsinci wani dutse mai sulɓi mai baki, su ce gatarin aradu ne. Ba aradu ce ta jefo shi ba, mutanen dā ne suka wasa shi kafin su san ƙarfe. Mutanen zamanin Nok, wanda aka sa wa sunan wani ƙauye na ƙasar Jaba a Jihar Kaduna, suna narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Maƙeranmu na yau gādo su ke ci.

Gatarin maƙera yana da tsini a bayansa. A kan sa tsinin a wuta, a huda kan ƙota da shi, ya zauna a ciki. Kowane sara yana ƙara cusa shi, ya ƙara kamawa. Haɗarinsa ɗaya ne: in kan ƙotar ba shi da gaɓa mai tauri, wata rana ƙarfen za ya tsaga shi.

Na kanti kuwa, ƙarfen ne mai rami, ƙota ta shiga ciki, a buga mata ɗan itace ko ƙarfe daga sama don ta cika ramin. Masu kyan gaske su ne irin na Suwidin, kamar Hults Bruk, maƙerar da aka kafa tun 1697, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Waɗanda mu ke gani a shaguna, masu jan fenti da ƙyalli, da yawansu ƙarfensu ba shi da kirki. Masu ƙotar roba kuma, in ta karye, da wuya a sake mata wata.

Ga wani abu kuma. In hunturu ya shigo, iska ta bushe, itace ya kan tsuke, sai kan gatarin kanti ya soma rawa. Waɗansu su kan jiƙa shi cikin ruwa ya kwana. Wannan maganin yini ɗaya ne, gama in ya sake bushewa za ya fi dā rawa. A sake buga masa abin tokarewa shi ne daidai.

Shawararmu ita ce, ga iyalin da ke lissafin kuɗinsu, gatarin maƙeri na kirki ya fi. A Panteka, da Kasuwar Kawo, da wajen maƙeran unguwa, mutum ya kan ga wanda ya ƙera abin ido da ido. In ya lalace, ya san inda za ya koma.

Gwada Ƙarfen

Ku tambayi maƙeri da wane ƙarfe ya yi shi. Wanda ya fi shi ne tsohon sifirin na mota, gama yana ɗaukar tauri in an gasa shi ya yi ja, aka tsoma bakin cikin ruwa ko mai. Rodin gini da ƙarfen ƙofa ba su kai shi ba, bakinsu ya kan lanƙwashe da wuri.

Ku roƙi magagari ku goga a bakin sau biyu ko uku. In ya ci ƙarfen da sauƙi kamar sabulu, ƙarfen ya yi laushi. In ya zame bai kama kome ba, ya yi tauri da yawa, za ya ɓantare ran da ya gamu da marke. Wanda magagari ya ke ci kaɗan kaɗan, shi ne naku.

Sa'an nan ku duba shi a rana, ko akwai tsaga. Ku riƙe ƙotar ku hango bakin kamar mai auna bindiga. Tilas bakin ya miƙe daidai da ƙota. Gatarin da bakinsa ya karkace ya kan kauce daga inda aka nufa. Baki mai fele-fele kamar na wuƙa yana da daɗin sara, amma ba ya jimre wa itatuwanmu masu tauri. A zaɓi mai ɗan kauri.

Duba Ƙotar

Marke, da ƙirya, da aduwa su ne itatuwan da aka sani da ƙota. Malaina ba ta da ƙarfin wannan aiki. Itacen ya zama busasshe sarai, gama ɗanye za ya tsuke ya saki ƙarfen. Jijiyoyinsa su bi tsawon ƙotar, kada su gicciye. Ku guji wadda aka shafe da fenti mai kauri, domin fenti ya kan ɓoye tsaga da cin gara, ya kuma sa tafin hannu ya yi kanta. Ɗan man kaɗe ko man gyaɗa ya isa a shafa mata lokaci lokaci.

Kafin ku miƙa kuɗi, ku sari wani guntun itace sau biyar ko shida a wurin. Mai sayarwa na gaskiya ba za ya hana ku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In Ya Zo Gida

Gajeriyar ƙota ta fi doguwa haɗari ga ƙafa, gama in sara ya kuskure, ƙwauri ya ke nema. Saboda haka a durƙusa, a ɗora itacen a kan gungume, kada a taka shi da ƙafa. Yara su tsaya nesa, taki huɗu ko biyar. Kada a yi sara da duhu.

Dakusasshen gatari ya fi mai kaifi sa rauni, domin ya kan yi tsalle. A riƙa wasa shi a dutse da ruwa. In an gama aiki a naɗe bakin da tsohuwar fata ko robar taya, a rataye shi inda hannun yaro ba ya kai.

In wani ya sare, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga shi sama, a kai shi asibiti. Kada a zuba ƙasa ko toka. A tambayi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci su ke kira tetanus.

Daji Da Doka

A shekarar 2021, saboda rashin tsaro, gwamnatin Jihar Kaduna ta hana saran itatuwa don sayarwa a ƙananan hukumomi bakwai, har da Igabi da Cikun da ke maƙwabtaka da birni. A shekarar ce kuma ta hana yawo da makamai. Dokoki irin waɗannan su kan sake, saboda haka a tambayi mai unguwa ko malamin daji kafin a taɓa itace a wurin da ba gonar mutum ba, balle gandun daji kamar na Afaka. In za a bi hanya da gatari, a naɗe shi cikin buhu tare da fartanya, kowa ya ga kayan aiki ne. Kada a bar samari su rataya shi a kafaɗa cikin gari.

Ko a gonarmu ma, mu nemi busasshen reshe tukuna. Ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, da mangwaro suna ciyad da gida kowace shekara. Itacen da ya yi shekara ashirin yana girma, ƙaramin gatari ya kan kā da shi kafin azahar.

Ran da za ku saya, ku tafi da ɗanku ko 'yarku da suka yi wayo. Su ga yadda a ke gwada ƙarfe, da yadda a ke duba ƙota. Gatari mai kyau ya kan daɗe har ya canja ƙota uku ko huɗu, watakila su ne za su gāje shi.