Manzannin Cikin Jiki da Ciwon Daji

Daga cikin hikimomin da Ubangiji ya ajiye a jikin ɗan Adam akwai waɗansu sinadarai, ana ce da su kinas, waɗanda ke isar da umarni cikin ƙwayar halitta, ko ta hayayyafa ko ta dakata. Idan kuwa ɗayansu ya lalace ya kasa yin shiru, sai ƙwayoyin su yi ta yaɗuwa ba ƙaidi, har su bi jini su mamaye waɗansu gaɓoɓi.

A 1960 malamai biyu a Filadelfiya suka gano alamar wannan illa cikin wani nau'in sankarar jini, kuma a 2001 Amurka ta halatta maganin imatinib, mai toshe bakin sinadarin, wanda albarkacinsa majinyata da dama suka sami tsawon kwana.